Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malamanmu Masu Fassara: A Kawo Mana Labarin Elinor da Ƙanwarta Cikin Hausa

Zuwa ga malamai masu koyar da fassara a sassan Hausa na jami'o'inmu, da marubuta maza da mata da suka riƙi aikin juya littattafai zuwa harshenmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku sannu da aiki, Allah Ya saka muku da alheri kan hidimar da kuke yi wa Hausa. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata, kuma na zo muku da roƙo guda ɗaya. Ina roƙon wasu daga cikinku su ɗauki littafin nan na marubuciyar Ingila, Jane Austen, mai suna Sense and Sensibility, wanda aka fara bugawa a Landan a shekarar 1811, su fassara mana shi cikakke, babi hamsin ɗinsa duka, ba tare da an datse shi ba, ba kuma tare da an gyara masa hali don ya yi daidai da abin da muka saba ji ba. Zan yi bayanin dalilina, da kuma wuraren da nake tsoron hannun mai fassara zai iya zamewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a ajina a zangon karatun da ya wuce. Wata ranar Alhamis malamar da ke shiga bayana ba ta samu zuwa ba, aka bar mini yaran har tsawon sa'a guda, sai na zaro littafin daga jakata na buɗe babi na biyu, ina duba Turancin ina faɗa musu da Hausa. A wannan babi ne John Dashwood, wanda ya yi wa mahaifinsa alkawari a kan gadon ajali cewa zai kula da matar ubansa da ƙannensa mata uku 'yan uba, ya zauna shawara da matarsa Fanny. Niyyarsa ta fari ita ce ya ba kowace yarinya fam 1,000. Fanny ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta tambaye shi yadda zai iya tauye ɗansu tilo saboda 'yan uba, sai ya rage zuwa fam 500 kowacce. Daga nan ya ce ko dai a riƙa ba uwar fam 100 duk shekara, ta nuna masa cewa duk wanda ake biya kuɗin shekara ba ya mutuwa da wuri. Suka sauko zuwa kyautar fam 50 jefi-jefi, suka sake saukowa zuwa aiken kifi da naman farauta idan lokacinsu ya yi, har suka tashi a kan cewa ai marayun ma sun fi shi halin bayarwa. Da na kai ƙarshe ajin ya yi tsit, sai wata yarinya daga layin baya ta ce, "Malama, wallahi haka aka yi mana." Ta kifa kai a kan tebur, ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Ya kamata mai karatu na Hausa ya fahimci yadda aka yi waɗannan mata huɗu suka wayi gari baƙi a gidan da suka daɗe a ciki. Gidan Norland da filayensa, a yankin Sussex, mallakar wani tsoho ne kawun mahaifinsu. Su ne suka yi masa hidima shekara da shekaru, amma da ya tashi rubuta wasiyya sai ya ɗaure dukiyar yadda mahaifinsu zai ci moriyarta iyakar rayuwarsa kawai, daga nan ta wuce ga John, sannan ga ɗan John mai shekara huɗu, wanda ya saye zuciyar tsohon da gwarancinsa na yarinta. Mahaifin bai wuce shekara guda a raye bayan tsohon ba. Abin da ya rage wa matar da 'ya'yanta, har da fam dubu-dubu da tsohon ya bar wa kowace yarinya, fam 10,000 ne, wanda ribarsa ke ba su kamar fam 500 a shekara, alhali Norland kaɗai na kawo wa John fam 4,000 duk shekara. Ana gama jana'iza Fanny ta tare a gidan da ɗanta da barorinta ba tare da ta aiko da sanarwa ba. Bayan wata shida na zaman haƙuri, wani ɗan'uwan uwar ya ba su hayar ɗan ƙaramin gida a Barton, can yankin Devon, suka kwashe kayansu suka tafi.

Na zauna na yi lissafi da alli a kan allo tare da yaran. Da a ce dukiyar ta mahaifin ce halak malak, kuma da rabon gado na Musulunci aka bi kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, matar za ta ɗauki tumunin takaba, a kasa sauran gida biyar, namijin ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. Ke nan cikin kashi 40 matan huɗu za su tashi da 26, John ya tashi da 14. Wasiyya ma ba ta wuce sulusi. A Ingilar wancan zamani kuwa mai dukiya na iya ɗaure ta ga layin maza don kada ta rarrabu, kuma abin da mace ta shiga da shi gidan miji ya zama na mijin in ba an yi wata yarjejeniya ta daban ba, har sai da majalisar dokoki ta gyara wannan a shekarun 1870 da 1882. Ban kawo wannan kwatanci don mu bugi ƙirji ba. Yarinyar layin baya ta riga ta nuna mini cewa samun hukunci a rubuce daban, kai haƙƙi hannun marainiya daban, kuma irin hirar Fanny da mijinta ana yin ta a ɗakunanmu bayan an share makoki.

Saboda haka ina roƙon kada a ga lissafin kuɗin da ya cika littafin a ɗauka surutu ne da za a iya zubarwa. Kusan kowane aure a cikinsa da adadinsa a rubuce. Willoughby, saurayin Marianne, ta biyu cikin 'yan matan uku, ya bar ta ya auri wadda ke da fam 50,000. Mahaifiyar Edward Ferrars, wanda Elinor babbarsu ke ƙauna, tana so ya auri 'yar wani basarake mai fam 30,000, da ya ƙi karya alkawarin auren da ya yi wa wata sai ta mayar da rabonsa ga ƙaninsa Robert, ita kuwa Lucy Steele da ta riƙe shi da alkawari shekara huɗu ta bi dukiyar zuwa inda ta koma. A can mace ce ke shiga da kuɗi, kuma da su ake auna ta. Akwai wani abu kuma da ke buƙatar ɗan bayani a ƙasan shafi: fam 500 ba talauci ba ne irin wanda muka sani, domin sun tafi Barton da barori uku. Abin da suka rasa shi ne matsayi da tabbacin gobe. Macen da ta fito daga irin gidansu ba ta da damar kafa sana'a a cikin gida yadda iyayenmu ke yin ƙuli-ƙuli ko ɗinki su rufa wa kansu asiri, domin a idon mutanensu hakan zubar da daraja ne. Wanda bai gane wannan ba zai ɗauka kwaɗayi ne ke sa kowa a littafin maganar aure, alhali maganar rufin asiri ce.

Babban tsorona yana kan Elinor. Ita ce babba, shekararta 19, Marianne ba ta cika 17 ba, auta Margaret tana da 13. Abu ne mai sauƙi a karanta littafin a ce ga yaya mai hankali da ta yi haƙuri ta samu mijin da take so, ga ƙanwa mai rawar kai da ta sha wuya, a rufe da cewa mahaƙurci mawadaci. Idan fassarar ta fito da wannan fuska, za ta zama wani wa'azin da za a ƙara ɗora wa 'yan mata don su yi shiru, kuma marubuciyar ba haka ta rubuta ba. Ta nuna haƙurin Elinor, ta kuma zauna ta ƙirga abin da haƙurin ya ci mata, da yadda mutanen gidan suka mayar da shi abin dogaro har suka manta cewa mutum ce ke ɗauke da shi.

Ku dubi yadda abin ya kasance. Elinor tana son Edward, tana kuma da dalilin zaton yana son ta. Wata rana suna tafe a hanya, Lucy Steele ta ce za ta gaya mata sirri, ta sanar da ita cewa akwai alkawarin aure a ɓoye tsakaninta da Edward tun shekara huɗu, ta fito da ɗan ƙaramin hotonsa da wasiƙarsa ta nuna mata, ta kuma karɓi alkawarin cewa ba za ta gaya wa kowa ba. Lucy ta san abin da take yi sarai, ta zo ne ta kashe mata gwiwa. Wata huɗu Elinor ta yi da wannan magana a cikinta. A cikin watannin nan ne suka je Landan, Willoughby ya wulaƙanta Marianne a bainar jama'a a wurin wata liyafa, washegari kuma ya aiko mata da wasiƙunta da guntun gashin kanta da ya taɓa yanka. Elinor ta shiga ɗaki ta tarar da ƙanwarta kwance a kan gado kuka ya shaƙe ta, wasiƙa a hannu. Ba ta yi mata faɗa ba, ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta zauna a gefenta ta kama hannunta ta sumbata, ita ma ta fashe da kuka. Can da ta fara ba ta baki, sai Marianne ta ce mata ita ai ba ta san baƙin ciki ba, tunda Edward yana son ta. Elinor ta ji wannan ta haɗiye.

A babi na 37 asirin Edward ya tonu, kuma Elinor ce ta je ta shaida wa Marianne, ita ce kuma ta koma lallashinta a kan ciwon da yake nata. Da Marianne ta ji yayarta na magana a natse, sai ta nuna cewa wataƙila abin bai taɓa ta sosai ba shi ya sa ta iya daurewa. A nan ne kaɗai Elinor ta buɗe baki. Ta lissafa mata watanni huɗun ɗaya bayan ɗaya: yadda wadda ta rushe mata buri ita ce ta tilasta mata jin labarin cikin gadara, yadda ta riƙa sauraron murnar Lucy tana ɓoye fuskarta, yadda ta sha wulaƙancin dangin Edward ba tare da ta ci moriyar komai ba, ta ce natsuwar da ake gani ba da kanta ta zo ba, da ƙoƙari mai ciwo na kullum aka same ta. Malamai, wannan shafi shi ne zuciyar littafin, kuma a nan za a gane gwanintar mai fassara. Muna da kalmomi da dama a wannan fage, haƙuri da kawaici da kara da dauriya da zurfin ciki, kuma ba ɗaya suke ba. Riƙe amanar Lucy dattako ne. Ɗaukar nauyin gaishe da mutanen da Marianne ke share wa, da faɗin 'yar maganar da za ta rufe rashin kyautawar ƙanwarta, wannan kara ce. Amma ɓoye wa uwa da 'yar'uwa cewa tana cikin ciwo, har su kasa ganin komai a fuskarta, ya shiga zurfin ciki, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar zurfin ciki abin yabo zalla ba. Ina so a bar kowace kalma a inda ta dace, kada a shafe su duka da haƙuri.

Ina da dalilin da ya sa wannan wuri ya tsaya mini a rai. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina aji shida na firamare, Yayata ta gama sakandare, takardar samun gurbin karatun jinya ta iso ana cikin zaman makoki. Ba ta nuna wa kowa ba. Ta hau keken ɗinkin mahaifiyarmu, da shi aka biya mana kuɗin makaranta mu huɗu. Wanda ke neman ta ya gaji da jira ya auri wata a unguwarmu, kuma Yaya na cikin waɗanda suka ɗinka ankon bikin. Duk gidan abin da ake faɗa shi ne ai ita ba ta da damuwa, babba juji ne. Ni kaina na sha kai mata kukan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, tana saurare tana taka keke. Sai daren da za a kai ni ɗakin miji, muna shirya kaya, na ɗaga wani tsohon zane a ƙasan akwatinta na ga takardar nan a ninke, ta yi ja saboda daɗewa. Na karanta na ɗago kai. Ta karɓa ta ce, "Mayar da ita inda kika gan ta." Sannan ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba, ni kuma na tsaya da lalle a hannu na rasa abin faɗa. Shekara goma sha ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya ban taɓa tambayar ta abin da take so ba.

Littafin ya san da irin wannan laifi na masu ƙauna. Kusa da ƙarshe, baransu ya dawo daga Exeter da labarin cewa Ferrars ya yi aure, kowa ya ɗauka Edward ne. Elinor ta yi fari fat, Marianne ta dube ta sai ita ta sulale tana kuka, uwar ta rasa wadda za ta fara tallafa. A ranar ne uwar ta gane cewa ta yi wa babbar 'yarta rashin adalci, domin ciwon Marianne da yake a fili ya cinye mata duk tausayinta, ta manta tana da wata 'yar da ke shan kusan irin wannan wuya ba tare da ta tayar wa kowa da hankali ba. Da Edward ya zo da kansa aka gane ƙaninsa ne ya auri Lucy, Elinor ta tashi kusan da gudu ta bar ɗakin, tana rufe ƙofa ta ɓarke da kukan da ta zaci ba zai tsaya ba.

Haka kuma ina roƙon a yi wa Marianne adalci. Gaskiya ne ta yi wauta, ta bi saurayi yawo ba tare da tunanin bakin mutane ba, ta raina dattijan da ke kyautata mata, ta mayar da baƙin ciki kamar wani aikin da dole a gan ta tana yi. Amma ita ce ba ta iya ƙarya, kuma ƙaunarta ga yayarta ba ta da ragi. A wata walima a gidan John a Landan, aka miƙa wa mahaifiyar Edward wani zane da Elinor ta yi, ta mayar da shi ko kallon kirki ba ta yi masa ba, aka shiga yabon zanen 'yar basaraken nan. Kowa ya yi shiru sai Marianne, wadda ta tanka wa matar a gaban jama'a, ta karɓe zanen, can kuma ta zagayo bayan kujerar yayarta ta rungume wuyanta ta haɗa kumatunta da nata tana cewa kada ta bari su ɓata mata rai. Daga baya, a gidan Cleveland, ta yi ta yawo cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta zauna da jiƙaƙƙun takalma, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita har aka fid da rai, Elinor ta kwana a kanta tana taɓa jijiyar hannunta. Da ta warke, da bakinta ta ce da ta mutu da ita ta kashe kanta, ta kuma nemi gafarar yayarta. Kowacce a cikinsu sai da ta karɓi wani abu daga 'yar'uwarta kafin ta daidaita, ƙaramar ta koyi kamewa, babbar kuma ta bari aka ga hawayenta.

Game da auren da aka ƙare da shi, zan faɗi ra'ayina a fili. Na Elinor da Edward ya kwanta mini, ko da yake Edward mutum ne mai sanyin jiki wanda ya bar mata biyu cikin ruɗu, abin da ya cece shi a idona shi ne ya yarda ya rasa gado a kan ya karya alkawari. Na Marianne da Kanar Brandon kuwa har yau yana yi mini nauyi. Mutumin kirki ne ba shakka, shi ne ya ba Edward limancin cocin Delaford da gidan zama alhali bai san shi sosai ba, shi ne ya tafi cikin dare ya ɗauko uwar lokacin jinya. Amma ya ninka ta a shekaru lokacin da suka haɗu, kuma marubuciyar ta faɗa ƙarara cewa dangi duka sun haɗa kai suna ganin Marianne ce ladan da ya dace da wahalarsa, ta aure shi tana da shekara 19 bisa girmamawa da shaƙuwa, so ya biyo baya. An ba da labarin a 'yan layuka kaɗan. Kada mai fassara ya ƙara masa zuma, a bar mai karatu ya auna da kansa, domin matanmu sun san auren da dangi ke taruwa su ga ya dace. Kada kuma kunya ta sa a cire labarin Eliza biyu, uwa da 'ya. Uwar marainiya ce mai dukiya, aka yi mata auren dole da wan Brandon tana da shekara 17 don a biya bashin gidan da kuɗinta, auren ya lalace, ta ƙare a wulaƙance da ciwon huhu. 'Yar kuma Willoughby ya yaudare ta ya gudu ya bar ta da ciki. Su biyun ba su da yayar da za ta kwana a kansu, kuma sai da labarinsu mai karatu zai ga ramin da Marianne ta tsallake.

Wanda zai rubuta gabatarwar fassarar zai samu abin faɗa a rayuwar marubuciyar. An haifi Jane Austen a ƙauyen Steventon a watan Disamba na 1775, 'yar limamin coci, tana da 'yan'uwa maza shida da yaya mace ɗaya, Cassandra. Wanda ya yi wa Cassandra baiko ya rasu da ciwon shawara a yankin Karibiyan a 1797, ba ta ƙara sauraron kowa ba. Ita Jane ta amsa tayin wani magajin gida mai dukiya a Disambar 1802, gari na wayewa ta janye. Da mahaifinsu ya rasu a 1805, su da mahaifiyarsu suka koma dogaro da abin da 'yan'uwa maza suka haɗa, suna ƙaura daga nan zuwa can, har 1809 da wansu Edward ya ba su gida a Chawton. Ke nan babi na biyu ba daga nesa ta hango shi ba, sai dai nata 'yan'uwan sun riƙe zumunci. A Chawton Cassandra ta ɗauke mata yawancin hidimar gida, aka bar mata haɗa karin kumallo, ta samu sararin zama a ɗan ƙaramin teburinta. Littafin ya fito ba da sunanta ba, an rubuta cewa wata mace ce ta wallafa, kuma bisa sharaɗin cewa in an yi asara ita za ta biya. Bugun farko ya ƙare a 1813, ta samu ribar fam 140. Ta rasu a Winchester ranar 18 ga Yulin 1817 tana da shekara 41, kanta a kan matashi bisa cinyar Cassandra. Yayar ba ta bi gawa ba, kamar yadda matansu ba su cika bi ba a lokacin, ta tsaya tana kallon masu ɗauke da ita har suka sha kwana. Ta rayu shekara 28 bayanta.

Akwai ƙananan abubuwa na aikin da ku kuka fi ni sani, amma zan ambaci waɗanda na ci karo da su a gaban allo. Sunan littafin yana da wuya. Kalmar farko hankali ce, ta biyun kuwa a zamaninsu tana nufin saurin motsuwar zuciya, da jin abu har ƙashi, da ɗaukar hakan alamar kyawun hali. Shauƙi ya yi kusa amma ya karkata ga soyayya, raunin zuciya kuma ya zama zargi. Tunda sunan da marubuciyar ta fara sa wa labarin tun tana budurwa shi ne sunayen 'yan matan biyu, ni da za a bi tawa da an koma can, ko a ce Yaya da Ƙanwa. Sai batun kiran suna. A al'adarsu babbar 'ya ce kaɗai ake kira da sunan gidan, kuma namiji ba ya kiran budurwa da sunanta tsura sai in magana ta yi nisa, shi ya sa da Elinor ta ji Willoughby ya ce Marianne kawai, ta ɗauka sun gama shiri. Mu da muke da alkunyar suna ba za mu sha wuyar gane wannan ba idan an fito da shi. Ko Marianne za ta ce Yaya ko za ta kira sunan, shawara ce da ke buƙatar zama. Muryar mai ba da labarin kuma cike take da habaici da gugar zana, tana yabon mutum da kalmomin da ke tona shi, kuma Hausa ba ta da ƙarancin wannan makami.

Akwai darasi a abin da ya faru da fassarar Faransanci ta 1815, wadda Isabelle de Montolieu ta yi. Ta ƙara abubuwan da ba su cikin asali, ta sauya ƙarshen labarin don ya fi taɓa zuciya, masu karatu suka daɗe suna ɗauka abin da Austen ta rubuta ke nan. Mu muna da turbar da za mu bi, domin Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo mana wasan Shakespeare a Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtua ya kawo Gandun Dabbobi a 1975. Littafin Austen ya daɗe da fita daga ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ba a buƙatar izinin kowa ko biyan kowa. Masu karatu kuma suna nan, matan da tun shekarun 1980 suka riƙe kasuwar littattafan Hausa a Kano, yanzu suna karantawa a waya suna sauraro a rediyo. Ana iya raba babobin ga ɗaliban digiri na biyu a ƙarƙashin malami guda da zai daidaita murya, kuma ina roƙon a sa mata a cikin aikin, musamman waɗanda suka yi zaman ɗaki ɗaya da 'yar'uwa.

Idan aka kai shafin ƙarshe, a lura cewa marubuciyar ba da angwaye ta rufe ba. Jimlarta ta ƙarshe a kan Elinor da Marianne take, cewa suna zaune kusan kowacce na hango gidan 'yar'uwarta, ba su saɓa ba, ba su kuma sanya sanyi tsakanin mazajensu ba. A bar ta a nan yadda take. Ni a nawa ɓangaren na rubuta babi na biyu da na 37 da hannu a littafin rubutu, da gyare-gyaren da yarana suka yi mini inda Hausata ta yi tauri, kuma a shirye nake in miƙa wa duk wanda ya ɗauki aikin, ajina kuma ya zama wurin gwajin karatu. Yayata Turancin 1811 ya yi mata nauyi, amma ba ta kwana ba ta karanta Hausa ba bayan ta rufe keke. Kwafin farko da zai shigo hannuna ita zan kai wa.

Allah Ya ƙara muku basira da lafiya. Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Wata malamar makarantar 'yan mata.